Yadda Ake Gyara Hanyar Dawowar Wuta da Wayoyin Lantarki a Babur

Idan fitilar babur ta dushe, ko sitata ta riƙa jan ƙafa da safe, ko fitilar baya ta kama ƙiftawa duk lokacin da aka kunna sigina, batir ne ake fara ɗora wa laifi. Sai a sayi sabo, a sami sauƙi na ɗan lokaci, sannan ciwon ya dawo yadda yake, domin tun farko an bar jaki ne ana dukan taiki. A babura da yawa, musamman waɗanda suka kwana biyu suna shan ruwa da ƙura, laifin yana kan hanyar da wuta ke bi, kuma rabin hanyar da aka fi mantawa da shi shi ne na dawowa.

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta yi zagaye. Tana fita daga kan fozitif na batir, ta ratsa fis da makunni, ta shiga fitila ko sitata, sannan dole ta koma kan negatif. Masu ƙera babur ba sa jan waya ta biyu daga kowane abu har zuwa batir, sai su ɗaure negatif a jikin firam da injin, ƙarfen babur ɗin kansa ya zama hanyar komawa. Wannan shi ne abin da masu rewaya ke nufi idan suka ce an haɗa waya da bodi. Dabarar tana rage yawan waya da nauyi, amma tana da rauni guda: kowane noti da ya haɗa ƙarfe da ƙarfe ya zama wani ɓangare na layin lantarki, kuma tsatsa, fenti, giris da jijjiga duk suna aiki a kansa dare da rana.

Kafin a taɓa sifana, yana da kyau a fahimci abin da ya sa ɗan datti ke haifar da babbar matsala. Ƙa'idar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta nuna cewa ƙarfin wutar da ke ɓacewa a wani wuri daidai yake da yawan wutar da ke ratsa wurin idan aka ninka shi da turjiyar wurin, wato yadda wurin ke tare wa wuta hanya. Ana auna ƙarfin wuta da bolt, yawanta da amfiya, turjiya kuma da om. A ce mahaɗin da ke tsakanin batir da injin ya yi tsatsa har turjiyarsa ta kai om 0.03. Idan ƙaramin kwan fitila mai jan amfiya 1 ne ke aiki, bolt 0.03 kawai za a rasa, abin da ba wanda zai lura da shi. Amma idan sitata ce mai jan amfiya 60, bolt 1.8 ne zai salwanta a wannan wuri guda, ya koma zafi. Shi ya sa babur zai iya kunna duk fitilunsa lafiya lau amma ya kasa juya injin, kuma shi ya sa auna turjiya da mita yayin da komai ke kashe yake yaudarar mutane. Mitar tana tura wuta 'yar kaɗan ce ƙwarai, wadda ko silin waya ɗaya da ya rage bai tsinke ba zai ɗauke ta, sai ta nuna cewa komai daidai ne.

Awo kafin gyara

Kayan da ake bukata ba su da yawa: mitar awon lantarki, sifana da sukundireba, samfefa mai laushi ko burushin ƙarfe, filayar matse kan waya, robar rufe waya mai tsukewa idan ta ji zafi, da giris na silikon ko basilin. Idan an sami taswirar wayoyin babur ɗin a littafin kamfani, to an rage rabin wahala.

A fara da batir, domin duk awon da zai biyo baya ya dogara ne a kansa. A sa mita a DC, wato wuta mai tafiya ta fuska ɗaya irin ta batir, a ma'aunin bolt 20, a auna kawunan batir bayan babur ya huta na 'yan sa'o'i. Batirin dalma mai cikakken caji yana nuna tsakanin 12.6 da 12.8. Idan ya nuna 12.0 ko ƙasa da haka, a yi masa caji tukuna. Yayin da ake danna sitata, bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 9.5 zuwa 10 ba. Bayan injin ya tashi an ɗan ja totur zuwa wajen juyi 4,000 a minti, ana sa ran ganin 13.5 zuwa 14.5, kuma abin da ya haura 15 alama ce cewa na'urar daidaita caji ta sami matsala.

Daga nan sai awon da ya fi kowanne amfani, wato auna asarar wuta yayin da layin ke ɗauke da kaya. A ɗora baƙin tsinken mita a kan negatif na batir, a kan dalmar kanta ba a kan wayar da aka ɗaure mata ba, a ɗora jan tsinken a kan ƙarfen injin inda babu fenti, sannan wani ya danna sitata na daƙiƙa biyu ko uku. Lambar da ta bayyana ita ce abin da hanyar dawowa ke cinyewa. Idan ba ta wuce 0.2 ba, hanyar na da lafiya. Idan ta kai 0.5 ko ta zarce, an gano ɓarawon. Ana iya matsa masa lamba har a san takamaiman inda yake: a bar baƙin tsinke a wurinsa, a riƙa matsar da jan daga kan waya zuwa noti, daga noti zuwa firam, daga firam zuwa injin, ana danna sitata a kowane zango. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne mahaɗin da ya lalace.

Haka za a yi wa fitilar gaba tana kunne. Tsakanin negatif na batir da ƙafar kwan fitila ta bodi, kada asarar ta wuce 0.2, tsakanin fozitif na batir da ƙafar da ke kawo wuta kuwa, rabin bolt shi ne iyakar abin da za a lamunta. A rubuta duk waɗannan lambobi a takarda. Da su ne za a san ko aikin ya yi amfani, domin ido kan ga fitila ta ƙara haske don kawai mai ita ya sha wahala a kanta.

Gyaran babban haɗi

Kafin a kwance kowace waya, a kashe makulli a cire kan negatif na batir da farko, kuma idan an gama aiki shi ne na ƙarshen mayarwa. Dalili shi ne, muddin negatif na ɗaure da firam, sifanar da ke kan fozitif idan ta goga ƙarfe za ta zama waya, ta yi tartsatsi kusa da tankin mai da kuma batirin da kan fitar da iskar da ke kamawa da wuta. A cire zobe da agogon ƙarfe daga hannu saboda wannan dalilin.

A bi babbar wayar negatif har inda ta ƙare. A kwance notin, a goge kan wayar da wurin da yake zama har ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli, ba tare da an kankare fiye da faɗin kan wayar ba. Wanda ya sake fentin firam ɗinsa ya kula sosai a nan, domin fenti ba ya wuce wuta, kuma sau da yawa babur kan fito daga fenti da kyan gani amma da matsalolin lantarkin da bai taɓa yi ba. A lanƙwasa wayar a hankali kusa da kanta: idan ta yi tauri, ko robar ta kumbura, ko aka ga koren gari yana zuba, to tsatsa ta shige ƙarƙashin roba, kuma gogewa ba za ta yi magani ba sai an sauya ta. Wajen mayarwa, kan waya ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfe, washa ta hau samansa, a ɗaure da kyau, sannan a shafe wurin da giris don ruwa da iska su rasa hanyar shiga. Giris na silikon ba ya ɗaukar wuta, aikinsa rufewa ne kawai, saboda haka ba ya maye gurbin gogewa.

Mafi yawan wutar da babur ke ja a lokaci guda ta sitata ce, ita kuma sitata jikin injin take bi ta dawo. Idan wayar negatif a firam kaɗai aka ɗaure ta, dole wutar ta ratsa notunan da suka riƙe injin, waɗanda ke cike da mai da datti, wasu ma da roba a tsakaninsu don rage jijjiga. Idan wannan hanya ta toshe, wuta ba ta haƙura, sai ta nemi wata. Kebur ɗin kuloci ko na totur da ke yin zafi bayan an danna sitata, ko siririyar wayar bodi da aka samu robarta ta narke tun daga farko har ƙarshe, shaida ce cewa an ɗora musu kayan da ba nasu ba. Maganin shi ne waya mai kauri daga negatif na batir kai tsaye zuwa injin, kuma wuri mafi dacewa shi ne ɗaya daga cikin notunan da suka ɗaure sitata, sannan wata gajeriya daga wannan wuri ko daga batir zuwa firam. Kaurinta kada ya gaza na wayar fozitif da ke zuwa sitata, tunda wuta ɗaya ce ke bin su biyun. Kada a yi amfani da notunan kan silinda, waɗanda ke da ƙayyadadden ƙarfin ɗauri, kuma kada a huda firam don neman sabon wuri. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne a bar babbar waya da tsatsarta a ƙara siririya a gefenta da sunan taimako, domin ranar da babbar ta yanke gaba ɗaya, siririyar ce za ta ɗauki dukan wutar sitata, kuma babu fis a wannan ɓangaren da zai cece ta.

Gaban babur yana da tasa matsalar. A babura da yawa fitila, sigina, oda da agogon gudu suna kan ɓangaren da ke juyawa, abin da ya haɗa shi da firam kuwa boris ne mai cike da giris. Idan wani ya ɗaure wayar bodi a jikin kokon fitila ko a kan hannun babur, wuta za ta riƙa ratsa ƙwayoyin boris, fitila ta riƙa rawa idan an juya kai, kuma a hankali ƙananan tartsatsi su riƙa cin boris ɗin. A ja waya guda mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5 daga firam ko batir zuwa cikin kokon fitila, a tattara duk wayoyin bodi na gaba a kanta. Fitilar baya ma haka, musamman idan a kan roba take zaune. Ƙiftawar da take yi tare da sigina tana faruwa ne saboda wutar sigina ta rasa hanyarta ta dawowa, sai ta bi ta cikin zaren wani kwan da suke tarayya da shi a wayar bodi ɗaya.

Launin wayar bodi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma zato a nan yana ƙona kaya. A Honda kore ne, a Yamaha baƙi, a Suzuki baƙi mai farin layi, a Kawasaki baƙi mai rawayan layi, a BMW kuwa ruwan ƙasa. Tsofaffin baburan Ingila da dama, irin su Triumph, BSA da Norton, fozitif ne suke ɗaurewa a firam, don haka jar waya ce ta bodi a cikinsu, kuma duk abin da aka faɗa a sama sai a juya shi. A babur ɗin da ya ratsa hannun masu gyara da yawa, mita ce kawai abin dogaro.

Na'urar caji da fitila

Na'urar da ke mayar da wutar kwayil (naɗin wayar da ke samar da wuta idan injin na juyawa) zuwa DC tana kuma daidaita ƙarfinta, wadda masu gyara ke kira raktifaya, tana auna wuta ne tsakanin wayoyinta, ba a kan batir ba. Idan ta riƙe bolt 14.4 a bakinta, aka rasa 0.4 a hanyar zuwa da 0.4 a hanyar dawowa, abin da ya isa batir 13.6 ne, kuma da an kunna fitila a cikin cunkoso sai batir ya fara ciyar da babur daga aljihunsa. An sauya raktifaya masu lafiya ba adadi saboda wannan. A duba soket ɗin da wayoyin kwayil ke shiga, waɗanda rawaya ne a yawancin babura, farare a na Yamaha da yawa. Idan robar soket ɗin ta yi duhu ko ta narke, ƙafafunsa sun saki, kuma sakin yana kawo zafi, zafin yana ƙara sakin. A yanke har inda jan ƙarfe yake da haske, a sa sabbin ƙafafu masu kamawa da ƙarfi. Ƙara waya mai kaurin 2.5 daga wayar bodi ta raktifaya kai tsaye zuwa negatif na batir aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma mita za ta nuna bambancinsa nan take.

Game da fitilar gaba, lissafi ya fi bayani. Mita ɗaya ta wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1 tana da turjiyar kimanin om 0.0175. Kwan fitila mai wat 60 yana jan amfiya 5 ko kusa da haka. Idan wutarsa ta bi mita 3 ta waya mai kaurin 0.5, an rasa fiye da rabin bolt a waya kaɗai, kafin a lissafa makullin kunnawa, makunnin hannu da soket uku ko huɗu da ke kan hanya. Kwan fitila mai zare kuwa ba ya yafe wannan: raguwar kashi 10 cikin ɗari a ƙarfin wuta tana rage haskensa da wajen kashi 30. Maganin da aka saba shi ne rile, ƙaramin makunnin da wuta ke sarrafawa. Ƙafafunsa suna ɗauke da lambobin da suka samo asali daga tsarin Jamus: 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin fis, 87 tana kai ta fitila, 86 tana karɓar tsohuwar wayar da ke fitowa daga makunnin hannu, 85 kuma tana zuwa bodi. Da wannan, makunnin hannu ya huta, domin abin da zai riƙa ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba. Ana bukatar rile biyu, ɗaya na babban haske ɗaya na ƙarami, da waya mai kaurin 1.5 da fis na amfiya 10.

Sai dai ba kowane babur wannan gyara ya dace da shi ba. A ƙananan babura da yawa, fitilar gaba daga kwayil take samun wutar AC, wato mai kai da komo wadda ba a mayar da ita DC ba, kai tsaye, kuma ana gane su da cewa fitilar ba ta kamawa sai injin ya tashi, haskenta kuma yana bin totur. Rile na DC zai riƙa karkarwa ne a irin wannan layi, kuma mayar da fitilar kan batir yana iya fin ƙarfin cajin da babur ɗin ke samarwa. Sabbin babura masu kwamfutar sarrafa mai su ma sai da hattara, domin wayoyin dawowa na na'urorin da ke auna yanayin injin, wurin kwamfutar suke komawa, kuma haɗa su da firam yana gurɓata saƙon da take karantawa. A irin waɗannan, a tsaya ga tsabtace wuraren da kamfani ya tanada.

Fis wayar yake karewa, don haka wurinsa kusa da batir ne iyakar yadda zai yiwu, domin duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai gadi. A fis masu ƙafa biyu, launi yana nuna ƙarfi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya ga fis yana yawan ƙonewa ya sa wanda ya fi shi girma, ko ya naɗa masa silin waya, ya mayar da wayoyin babur ɗin ne su zama fis.

Waya da yadda ake haɗa ta

Wayar babur dole ta zama mai siraran zaruruwa da yawa. Wayar gida mai ƙwaya ɗaya tana karyewa da jijjiga, sau da yawa a cikin roba inda ido ba ya gani. A kuma kula da wayar alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe: idan aka yanka ta aka ga cikin zaren fari ne, to wutar da take ɗauka ba ta kai ta wayar jan ƙarfe ta gaske ba, kuma tana saurin ruɓewa.

Masu gyara sun daɗe suna jayayya kan matsewa da filaya ko liƙewa da dalma. Ni dai na fi karkata ga matsewa, idan da filayar da ta dace aka yi, domin dalma tana bin zaruruwa ta shige ciki, ta mayar da waya mai laushi sanda, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan jijjiga ke karya ta. Dalma ba haramun ba ce, amma a sa kaɗan, a kuma ɗaure wayar a gefe biyu na mahaɗin don kada ya riƙa motsi. Kowane kai da aka matse, a ja shi da hannu da ƙarfi. Wanda ya zare a hannu da ma zai zare a hanya. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif gyaran gangar auzinawa ne, domin zafi na narkar da ɗankon salatif, ruwa ya shiga ya zauna. Robar da ke tsukewa da zafi, musamman mai ɗanko a ciki, ita ce ke rufe mahaɗi yadda ya kamata.

Wajen shimfiɗa sabbin wayoyi, a bi hanyar da tsofaffin suka bi, nesa da salansa da kan silinda da sarƙa. A wuyan babur a bar musu sarari, a juya kai har ƙarshe dama da hagu a tabbatar ba sa miƙewa kuma ba sa matsewa, domin a nan ne waya ta fi karyewa. Inda za su ratsa gefen ƙarfe mai kaifi a sa musu rigar roba, kuma kada a ja maɗaurin roba har ya nutse cikin fatar waya. Kafin a ɗaure tanki da wurin zama, a leƙa ƙarƙashinsu a ga ba su danne komai ba.

Bayan an mayar da fozitif sannan negatif, a maimaita awon farko a wurare ɗaya, a kwatanta da abin da ke takarda. Idan an ƙara wani abu kamar cajar waya ko ƙarin fitila, a yi awo ɗaya na ƙarshe: makulli a kashe, a cire kan negatif, a sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan batir da wayar da aka cire, sannan a sauko zuwa ƙaramin ma'auni idan lambar ƙarama ce. Babur marar kwamfuta kusan sifili zai nuna, mai agogo ko na'urar tsaro kuma 'yan miliamfiya kaɗan (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). Idan lambar ta kai gommai, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ta faɗi, kuma kada a kuskura a danna sitata mita na wannan matsayi, domin fis ɗin da ke cikinta zai ƙone nan take.